Linux Lite a kan tsohuwar laftof: abin da na gani da na gwada shi

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin sakandare ne. Ina da HP EliteBook 8470p da na saya ta hannu shekara biyar da suka wuce, RAM ɗinta gigabait 4. Windows 10 ce a kai, kuma yanzu ta yi nauyi, in na kunna sai na gama shan shayi kafin ta buɗe. An ce min ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Wani ƙanena ya ce in saka wani abu wai shi Linux Lite, ni kuwa ko sunan ban taɓa ji ba, Ubuntu kawai nake ji ana faɗa. Aikina buga tambayoyin jarrabawa, haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, sai ɗan shiga intanet. Ka taɓa gwada shi? Ya ka gan shi? Kuma ba zan yi asarar takarduna ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri a kan tarbiyyar yaranmu. Tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin ban fi wata biyu da ɗora Linux Lite a kan wata tsohuwar laftof da ke shagona ba, sa'ar taka ce a shekaru da ƙarfi, daga baya kuma na saka wa mutum biyu cikin masu kawo min gyara. In na fahimce ka daidai, kana son sanin ko wannan abin da ba ka san asalinsa ba abin dogaro ne, ko zai iya ɗaukar aikin makaranta, sannan ko za ka iya komawa gare shi ba tare da takardunka sun salwanta ba. A taƙaice, ƙanenka bai ba ka muguwar shawara ba. Amma kyan da za ka gani a rana ta farko ba shi zai yanke hukunci ba. Hukuncin yana wajen fayil ɗin sakamakon ɗalibanka, da firintar da kake bugawa da ita, da kuma Wi-Fi. Waɗannan duk kana iya jarraba su kafin ka taɓa ko da fayil ɗaya na Windows.

Gaskiya aka faɗa maka game da Windows 11. Kwamfutarka ta fito ne a 2012, tana ɗauke da ƙwaƙwalwar aiki (furosesa) ta kamfanin Intel ta zubi na uku, alhali Windows 11 tana neman zubi na takwas zuwa sama, da kuma wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ita kuwa Windows 10, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ba wai za ta daina kunnuwa ba ne, a'a, ɓarakar tsaro da za a riƙa ganowa ce ba za a ci gaba da toshe maka ita kamar da ba. Na san akwai masu gyara da ke tsallake sharuɗɗan su cusa Windows 11 da ƙarfi, kuma tana hawa. Sai dai a kan RAM gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa, nauyin da kake kuka da shi ƙaruwa zai yi.

Asalinsa da danginsa

Linux ɗin kansa zuciyar tsarin ce kawai, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Mutane daban-daban kan ɗauki wannan zuciya su haɗa ta da manhajoji da fuskar da mai amfani zai gani, kowa ya fitar da nasa da sunansa. Ka ɗauke shi kamar shadda: yadin ɗaya ne, amma wani tela ya fitar da babbar riga, wani kaftani, wani 'yar shara. Shi ya sa sunayen suka yi yawa har suke ruɗa baƙo.

Salsalar Linux Lite a bayyane take. Kakansa Debian ne, wanda aka kafa a 1993. Ubansa Ubuntu ɗin nan da ka ce kana jin suna, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004. Shi kuma Linux Lite wani mutumin New Zealand ne mai suna Jerry Bezencon ya fara shi a 2012, da niyya ɗaya tak: mutumin da ya saba da Windows ya zauna a gabansa ba tare da ya ji ya shiga baƙon gari ba. Jerin da na gwada shi ne na 7, wanda ya fara fitowa a watan Yunin 2024, an gina shi a kan Ubuntu 24.04, mai tallafin shekara biyar zuwa 2029.

Na kawo wannan salsala ne saboda ita ce amsar fargabarka ta cewa ba a san shi ba. Manhajojin da za ka sauke da gyare-gyaren tsaro, mafi yawansu daga rumbun Ubuntu suke zuwa kai tsaye. In matsala ta taso ka bincika a intanet, maganin da aka rubuta wa Ubuntu 24.04 galibi shi ne zai yi maka aiki. Ba maraya ba ne, gidan da ya fito babba ne.

Ranar da na fara kunna shi

Na zuba shi a filash, na kunna laftof ɗin daga nan. Abin da ya fara burge ni shi ne ban nemi komai na rasa ba. Maɓallin jerin manhajoji yana ƙasa a kusurwar hagu, agogo da alamar batir da ta Wi-Fi suna dama, tagogin da ka buɗe suna jere a tsakani. Duk wanda ya yi zamanin Windows 7 hannunsa zai kai inda yake so tun kafin ya yi tunani. Fuskar da suka zaɓa sunanta Xfce, daɗaɗɗiya ce, ba ta da ƙyale-ƙyalen da ke cinye ƙarfin kwamfuta. Wasu matasa za su ce ta yi kama da ta dattawa. Ni a wurina da tsohuwar zuma ake magani.

Da na gama girka shi na sake kunnawa, sai wata taga ta tarbe ni, sunanta Lite Welcome. A ganina nan ne masu wannan aiki suka nuna sun san wanda suke yi wa. Maimakon su bar ka kana zare ido, sun jera maka abin da ya kamata ka fara yi: ka sauke sabbin gyare-gyare, ka duba ko akwai direban da na'urarka ke buƙata (wato 'yar manhajar da ke sa wani sashe kamar katin Wi-Fi ya yi aiki), ka ajiye hoton tsarin yadda yake a yanzu don ka iya komawa in wani abu ya lalace, ka ƙara harshe in kana so. Kowanne dannawa ce kawai. Na sha ɗora wa mutane Linux iri-iri, kuma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wannan awa ta farko, lokacin da mutum bai san me zai taɓa ba. A nan an riƙe masa hannu.

Ya zo da kayan aikinsa a ciki. Akwai LibreOffice na rubutu da lissafi, akwai Chrome na shiga intanet, VLC na kallo da sauraro, GIMP na gyaran hoto, da mai buɗe PDF. Akwai kuma Lite Software, wani gajeren jeri na manhajojin da aka fi nema, ka zaɓa ka danna ya sauke maka. Gajartar jerin ma alheri ce ga sabon shiga, domin ba a zube masa dubban sunayen da bai sani ba. Sai Lite Tweaks, mai share tarkacen da ke taruwa. Harshen fuskar Turanci ne, ana iya mayar da shi Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar, ko Larabci.

Abu ɗaya ya faru a mako na biyu da nake so in ba ka labarinsa, domin na tabbata kai ma ka sha fama da irinsa. Wata baiwar Allah mai buga wa ɗalibai furojet ta shigo shago hankali a tashe, filash a hannu. Ta kai shi wani shagon buga takardu, da ta dawo gida duk foldodinta sun rikiɗe sun zama 'yan gajerun hanyoyi masu kibiya a gindi, in ta danna babu abin da ke buɗewa. Aikin mutum huɗu ne a ciki. Na soka filash ɗin a laftof mai Linux Lite. Nan take komai ya bayyana: ga foldodinta na gaskiya lafiya lau a cikin wata folda marar suna inda cutar ta ɓoye su, ga gajerun hanyoyin bogi, ga kuma ɗan fayil ɗin da ya haddasa ɓarnar yana zaune ba ya iya motsi. Muka kwashe aikinta, muka goge sauran. Dalili shi ne an rubuta irin wannan bairos ne don Windows, a Linux ba shi da ƙafar tafiya. Ga malamin da filash ɗinsa ke yawo tsakanin ofishin jarrabawa da shagon bugawa da kwamfutocin abokan aiki, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sai dai a kula: Linux ba ya kamuwa da wannan cutar, amma in ka bar fayil ɗin a filash, za ka iya kai wa wani.

Kada sunan ya ruɗe ka

Kalmar Lite tana nufin marar nauyi, kuma tsarin kansa haka yake. A laftof ɗina, in na kunna ban buɗe komai ba, abin da yake ci na RAM bai kai gigabait 1 ba, wato ya bar maka fiye da kashi uku cikin huɗu ka yi aikinka. Amma intanet ɗin yau ba ta san da wannan ba. Shafin Facebook ko YouTube ko Gmail nauyinsa ɗaya ne ko a Windows ko a Linux. Da na buɗe shafuka bakwai zuwa takwas a Chrome, ga kuma LibreOffice a gefe, sai na ji ta fara jan ƙafa. Ba laifin tsarin ba ne, gigabait 4 ɗin ne ya cika.

Sannan akwai abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Jinkirin da ka kwatanta, na shan shayi kafin ta buɗe, mafi yawansa daga faifan ajiya yake zuwa. Irin kwamfutarka yawanci da faifai mai juyawa take zuwa, kuma bayan shekara goma sha wani abu ya gaji. Na gwada Linux Lite a kan irin wannan faifai, ya fi Windows 10 sauri ƙwarai, ba musu. Amma da na cire shi na sa SSD, wato sabon irin faifai marar juyawa, sai ta zama kamar wata kwamfutar daban, kafin in gyara zama ta buɗe. Sa'ar da ka yi ita ce 8470p tana da sauƙin buɗewa: marfin ƙasa zamewa yake yi, faifan na nan a fili, kuma tana da gurbin RAM biyu na DDR3. In aljihu zai iya abu ɗaya kawai, sayi SSD ko da mai gigabait 128 ne. In zai iya biyu, ƙara RAM ta zama 8.

Aikin makaranta

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan abincinka yake. Microsoft Office na kan kwamfuta ba ya hawa Linux. Abin da zai maye gurbinsa LibreOffice ne: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel. Yana buɗe fayilolinsu, yana kuma iya ajiyewa a sigarsu.

Game da sakamakon ɗalibai, in takardarka ta ƙunshi tara maki, fitar da matsakaici, ba da matsayi na ɗaya da na biyu, da sanya A ko B ko C gwargwadon maki, wato irin su SUM, AVERAGE, RANK, IF da VLOOKUP, duk Calc ya san su da sunayensu, ba sai ka sake koyon komai ba. Ɗaya daga cikin mutum biyun da na saka wa malami ne kamar ka, mun buɗe takardar ajinsa mai ɗalibai sama da sittin, muka bi layi-layi muna gwadawa da wadda ya buga a baya, lissafi bai kauce ba ko ɗaya. Inda ake samun cikas shi ne in makarantarku tana amfani da wani fayil da wani gwani ya haɗa mata, mai maɓallan da in ka danna suke fitar da katin sakamako da kansu. Irin wannan da makro na VBA yake aiki, kuma Calc wani lokaci yana iya tafiyar da shi, wani lokaci ya tsaya a hanya. In irinsa kuke da shi, shi za ka fara jarrabawa. Haka nan in makarantar tana da wata manhaja ta musamman mai ƙarewa da .exe, ko kana amfani da manhajar koyon jarrabawar JAMB ta kan kwamfuta, waɗannan don Windows aka yi su. Akwai wata gada da ake kira Wine da kan sa wasunsu su yi aiki, amma ba zan ce ka jingina aikin ƙarshen zango a kanta ba.

Buga tambayoyi kuwa, wahalarsa ɗaya ce, kuma tana da magani. Salon haruffan da aka saba da su a Word, irin Times New Roman da Calibri, mallakar kamfani ne, ba sa zuwa a cikin Linux. In babu su, sai Writer ya ɗauko wani ya maye, layi ya ɗan zame, takardar da ka tsara shafi biyu ta tsallaka na uku. Akwai salon Liberation Serif da aka auna shi daidai da faɗin Times New Roman, da Carlito da aka auna da Calibri, in suna nan zamewar ba ta faruwa sosai. Ana kuma iya sauke Times New Roman da Arial na asali ta wani ƙunshi da ke rumbun Ubuntu. Amma shawarar da nake ba kowa ita ce: duk takardar da za ta fita daga hannunka zuwa wajen bugawa, mayar da ita PDF tukuna. Maɓallin yana nan a saman Writer, dannawa ɗaya ce. Yadda ka tsara haka za ta fito a kowace kwamfuta. Wadda kuma za ka tura wa abokin aiki ya gyara, ajiye ta a sigar docx ko xlsx, domin LibreOffice in ka bar shi da kansa a tasa sigar yake ajiyewa. Ana iya saita shi sau ɗaya ya riƙa yin hakan kullum. In darasinka lissafi ne ko kimiyya mai yawan alamomi, ka sani hanyar rubuta su a nan ta bambanta da ta Word, za ta ɗauke ka kwana biyu kafin hannu ya faɗa.

Wani abin da ya faranta min rai, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba: a cikin saitin allon rubutu akwai tsarin Hausa na Najeriya, har da na Ghana, a shirye ba sai ka sauke komai ba. Da ka ƙara shi za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ kai tsaye, ba sai ka je kana kwafo su ɗaya-ɗaya daga wani wuri ba. In kana koyar da Hausa ka san bambancin da ke tsakanin "kasa" da "ƙasa" a takardar jarrabawa. Na Larabci ma yana nan, Writer kuma yana rubutu daga dama zuwa hagu in ka kunna masa, ga salon Amiri kyauta mai kyan gaske ga masu buga darasin Islamiyya.

Wanda ba zan ba wannan shawara ba shi ne mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop. Akwai Inkscape da GIMP, kuma suna da ƙarfi, amma kwastoma zai zo da fayil ɗin Corel yana tsaye a kanka yana jira, ba lokacin koyon sabon abu ba ne. Kai ba ka cikin wannan sahu.

Wi-Fi, firinta, data da wuta

A cikin kwamfutoci ukun da na saka wa, biyu sun ga Wi-Fi tun daga filash. Ta ukun ba ta gani ba, domin katin da ke cikinta yana buƙatar direba na daban, shi kuma direban sai da intanet ake sauke shi. Mafita tana aljihunka. Na haɗa wayar Android da kebul, na kunna raba intanet ta USB a wayar, kwamfutar ta karɓa nan take ba tare da neman komai ba. Daga nan na shiga wurin direbobi a Lite Welcome, ya nuna wanda ya dace, na girka, na sake kunnawa, Wi-Fi ya dawo. Minti goma ne in ka san hanyar, amma wanda bai sani ba zai iya cewa abin duk ba ya aiki ya haƙura.

Firinta ma haka take. Da yawa kana sokawa suke fara aiki, musamman na HP, waɗanda ke da direbobin Linux na kansu da ake kira HPLIP. Wasu tsofaffi kuwa sai an sha fama. Na kwana biyu a kan wata kafin ta yarda ta buga shafi ɗaya. Saboda haka kada ka ɗauka, kai laftof ɗin gaban firintar makarantarku ka gwada, gani ya kori ji.

Ta fuskar data, fayil ɗin da za ka sauke ya kusa gigabait 3, sabuntawar farko kuma za ta ci wasu ɗaruruwan megabait, don haka ka tanadi datar dare ko ka je inda ake da Wi-Fi. Bayan nan kai ke da iko: zai sanar da kai akwai sabbin gyare-gyare, amma ba ya saukewa a ɓoye ya shanye maka data, ba ya kuma kashe kansa yana sabuntawa kana tsakiyar aiki. Girkawar kanta ba ta kai min rabin awa ba. In batirinka ya mutu, kamar yadda na yawancin laftof ɗin hannu yake, kada ka fara sai kana da tabbacin wuta, ko sola ko janareta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba faifai ita ce hanya mafi sauri ta yin asarar da kake tsoro.

Yadda za ka tsare takardunka

Kafin komai, kwafe duk abin da ka damu da shi zuwa wani wuri na daban, sannan ka buɗe kwafin a wata kwamfutar ka tabbatar yana buɗewa. Kada ka manta da abin da ke kan fuskar kwamfuta da foldar saukarwa, nan mutane suka fi mantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka sami filash mai gigabait 8 wanda babu komai a ciki, domin za a goge shi. Ka sauke Linux Lite daga shafinsu na asali, ka zuba shi a filash ɗin da manhajar Rufus ko Ventoy. A HP, kana kunnawa ka riƙa danna F9, za ta tambaye ka daga ina za ta tashi, ka zaɓi filash. Masu Dell da Lenovo F12 ne. In kwamfuta tana da Secure Boot a kunne, wato wani saitin tsaro da ke tantance tsarin da za ta tashi da shi, masu Linux Lite da kansu sun ba da shawarar a kashe shi. Abin da zai buɗe cikakken tsari ne da ke gudana daga filash, bai taɓa faifanka ba, in ka zare ka sake kunnawa Windows ɗinka na nan yadda ka bar ta. A nan za ka yi jarrabawarka: Wi-Fi, sauti, fayil ɗin sakamako, takardar tambayoyi, firinta. Zai ɗan yi jinkiri saboda daga filash yake karantawa, kada ka auna saurinsa da wannan.

In ka gamsu, wajen girkawa zai tambaye ka ko ya goge faifan gaba ɗaya, ko ya zauna gefe da Windows ka riƙa zaɓa a duk kunnawa. Na biyun yana aiki, amma ni ga abin da nake yi wa masu kawo min: in cire tsohon faifan da Windows ɗinsa da komai nasa, in sa sabon SSD, in girka Linux Lite a kai. Tsohon kuma in saka shi a 'yar akwatin nan ta USB da ake sayarwa a kasuwar waya, ya zama ma'ajiyar waje. Linux yana karanta faifan Windows ba matsala, sai ka kwaso takardunka a natse. In bayan wata ɗaya ka ga abin bai karɓe ka ba, ka mayar da tsohon faifan, ka koma inda kake ba ka rasa komai ba, SSD ɗin kuma yana nan ana iya ɗora masa Windows. Ban san wata hanya da ta fi wannan kwanciyar hankali ba.

Kalmar sirrin da za ka zaɓa wajen girkawa ka riƙe ta da kyau, domin duk lokacin da za ka saka manhaja ko ka sabunta sai ya tambaye ka. In wata rana ka rubuta ta a baƙar tagar umarni ka ga babu abin da ke fitowa, ko ɗigo, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi, ka rubuta ka danna Enter.

Inda yake da rauni

Mutanen da ke bayansa kaɗan ne in aka kwatanta da Ubuntu ko Linux Mint (wani ɗan Ubuntu ɗin ne shi ma), kuma 'yan kayan da suka ƙera da kansu, irin su Lite Welcome da Lite Tweaks, a kansu suka dogara. Na biyu, kuma wannan ya fi shafar ka: a cikin jeri ɗaya, kamar daga 7.0 zuwa 7.2, ana ɗaukaka shi da dannawa, amma daga jeri zuwa jeri, kamar daga 6 zuwa 7, sai an sake girkawa daga farko. Wato mai yiwuwa wata rana nan gaba ka sake kwashe kaya ka sake zubawa. Linux Mint ya fi shi a nan, domin yana da hanyar hawa babban mataki ba tare da gogewa ba. Na uku, tun daga jeri na 4 ya daina tallafa wa kwamfutoci masu tsohon tsarin 32-bit. Taka 64-bit ce, ba ruwanka, amma mai tsohuwar da ta fi taka, ko mai RAM gigabait 2, gara ya duba wani Linux ɗin mai suna antiX, duk da cewa shi bai kai wannan sauƙin sha'ani ba.

Ka kuma auna maganata da ma'auninta. Wata biyu ne da kwamfuta uku, ba shekara ba, kuma ban riƙe taka a hannu ba. Laftof ɗin hannu ko da sunansu ɗaya, kayan cikinsu kan bambanta, wani an canza masa katin Wi-Fi, wani faifai. Da a ce ƙanenka Linux Mint mai fuskar Xfce ya fi sani, da sai in ce ka bi shi can, domin kusan duk abin da na faɗa a sama ya shafe shi, kuma samun wanda za ka kira in ka maƙale ya fi bambancin da ke tsakaninsu muhimmanci. Tunda shi ya kawo maka Linux Lite, ina kyautata zaton ya taɓa shi, ka zaunar da shi kusa ranar da za ka gwada. Kuma ka zaɓi lokacin hutu, kada ka yi wannan sauyi ana saura mako ɗaya jarrabawa.

In ka tashe ta daga filash Wi-Fi bai bayyana ba, buɗe tagar umarni, wadda ake kira Terminal, ka rubuta lspci ka danna Enter, ka ɗauki hoton abin da ya fito da wayarka ka turo min, tare da sunan firintar makarantarku. Daga nan zan gaya maka direban da za ka nema. Allah ya taimaka, Malam, a gaida ɗalibai.